Bangon da ke gumi: Zagayen ɗakunan Hausawa a Inugu da Anacha da Fatakwal

Mai karatu, idan kana da ɗa ko ƙane da ke neman abinci a Kudu, ko kuwa 'yarka aka kai aure can, wataƙila ka taɓa jin irin wannan koke a waya. Atamfofin lefe da ke cikin akwati sun yi tabo baƙi-baƙi, takalmin fata ya yi furfura, katifa ta ɗauki wani wari da turaren wuta ya kasa kashewa, yaro kuma ba ya rabuwa da tari, musamman cikin dare. Mu a nan sai mu ce ai sauyin ruwa ne, zai saba. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa mai laifin yana nan tsaye cikin ɗakin, an jingina masa gado, an rataya masa labule. Bango ke nan.

Zo mu bi hanya tare, mu leƙa garuruwa uku da jama'armu suka daɗe a cikinsu: Inugu da Anacha da Fatakwal. Ba kasuwa za mu je ci ba, ɗakunan kwana za mu shiga. Duk inda muka sauka za ka ga ruwa na shiga bango ta wata ƙofa daban, kuma kowace ƙofa da irin makullinta.

Bangon da muka baro a gida

Kafin mu tashi, tuna da soron kakanninka a Kano ko Zariya ko Katsina. Ginin tubali ne mai kaurin gindi, an yaɓe shi da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa, an bi bayansa da makuba daga ɓawon ɗorawa. Rufin kuwa a shafe shi da laso, wato katsin marina da gashin jima da dafara. Taga 'yar ƙarama ce, can sama.

Wannan gini ya dace da ƙasarsa. A Kano ruwan shekara bai cika kaiwa milimita 1,000 ba, kuma cikin wata huɗu zuwa biyar yake zuba. Da bazara rana kan haura digiri 40, dare ya sauko sosai. Bango mai kauri yakan shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratso ciki dare ya yi, iska ta huce. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, shi ya sa muka tashi da al'adar rufe taga, a saki labule mai nauyi, a toshe duk wata kafa.

Da wannan al'ada muke shiga mota zuwa Kudu. Can kuwa ita ce ke fara cutar da mu.

Inugu: Ruwan da ke bugun bango, zafin da ke saukowa daga kwano

Ka ƙetare Binuwai a Makurɗi, ka wuce Obollo-Afor, ka iso mahaɗar 9th Mile, sai ka gangara daga tsaunukan Udi zuwa cikin gari. Kwal ne ya kafa Inugu. An gano shi a 1909, zuwa 1916 an shimfiɗa layin dogo har Fatakwal don kai shi bakin teku, daga baya layin ya haɗe da Arewa. Fatake da 'yan kasuwar shanu suka biyo shi. Ɗaya daga cikinsu, Malam Umaru Altine daga ƙasar Sakkwato, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Har yau za ka tarar da mutanenmu a Owerri Road cikin Asata, da Gariki a Awkunanaw, da kasuwar dabbobi ta New Artisan. Ibo kan kira unguwar Hausawa Ama Awusa.

Mai masaukinka zai kai ka gidan haya irin wanda ya cika biranen Kudu: ɗakuna a jere suna kallon juna, siririn lungu a tsakiya, kowane ɗaki taga ɗaya. Bulon siminti ne mai inci shida, rufin kwano. Shiga da misalin ƙarfe tara na dare ka ɗora tafin hannunka a bangon da ke fuskantar yamma. Za ka ji shi da ɗumi kamar murhun da aka kashe ɗazu. Bulo ba shi da kaurin da zai riƙe zafi har gari ya waye, kuma ba shi da sauƙin da zai huce da wuri, don haka daidai lokacin da kake neman barci yake juye maka abin da ya tara tun azahar. Idan babu silin, ko silin ɗin ya huje, kwano ma ya ƙara nasa daga sama.

Daga Afrilu zuwa Oktoba kuma ruwa ne, mai zuwa da iska yana bugun bango a karkace. Bulon da aka cika wa yashi aka rage wa siminti kamar soso yake. In ba a yi wa bayan ginin filasta ba, ko filastar ta tsage, ko lemar kwanon gajera ce, ruwa na ratsowa har ciki. Alamarsa ita ce tabon danshi a tsakiyar bango ko kusa da taga ko can sama, wanda ke faɗaɗa bayan an yi ruwa, ya ja baya in an kwana biyu ba a yi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Maganin wannan a waje yake. A toshe tsaga, a yi wa baya filasta, a gyara indararo, a ƙara tsawon lemar kwano. Duk fentin da aka shafa a ciki kafin a yi wannan, kuɗi ne aka zubar.

Kafin ka bar Inugu, dubi tsofaffin gidajen ma'aikata na zamanin Turawa, ka ga faffaɗar baranda da dogon rufi da tagogi masu kallon juna. In ka fita ƙauye ka ga ragowar ginin Ibo na da, za ka ga bangon jar ƙasa a ƙarƙashin jinka mai gangare da ta zarce bangon sosai, an kuma ɗaga daɓe sama da ƙasa. Su ma ginin ƙasa suka gada kamar mu, sai dai sun san ba a barin ruwa ya taɓa shi. Siminti daga baya ya yi ƙarfi, musamman bayan buɗe masana'antar Nkalagu, gabas da Inugu, a 1957.

Jar ƙasar nan ba ta tafi ko'ina ba. Demas Nwoko, ɗan Jihar Delta da ya yi karatun zane a Zariya, ya shafe shekaru yana gini da bulon jar ƙasa da aka gauraya da siminti, yana tsara ɗakuna yadda iska za ta ratsa da kanta. A 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinare a babban bikin zanen gine-gine na birnin Benis a Italiya. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ita ma ta daɗe tana koyar da buga bulon jar ƙasa da inji. Wanda Allah ya hore wa fili a Kudu, ya tambayi wannan kafin ya sauke tirelar bulo.

Anacha: Ruwan da ke hawowa daga ƙasa

Daga Inugu ka yi yamma ta Awka, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai, sai ga Anacha a bakin Kogin Neja. Tsohuwar gadar da ta haɗa ta da Asaba tun 1965 take, ta biyu kuma aka buɗe ta a 2023. Manyan motocin albasa da tumatir da wake da shanu daga Arewa nan suke sauke kaya ko su ratsa. Jama'armu na nan a bakin gada da kewayen Bida Road kusa da Babbar Kasuwa, wasu a Fegge, wasu a Ose.

Nan ƙasa-ƙasa za ka duba. A ɗakuna da yawa za ka ga wani layi ya zagaye bango daga daɓe zuwa gwiwa ko ƙugu, kamar alamar da kogi ke bari a gaɓa. Ƙasa da layin fenti ya kumbura yana ɓarewa, filasta na zubar da wani farin gari. Ka lakato shi da yatsa, gishirin ƙasa ne. Bango ne ke tsotso ruwa daga harsashinsa, yadda lagwani ke jan kananzir. Ruwan ya bushe a fuskar bangon ya bar gishiri, gishirin ya ci filasta, ya kuma ci gaba da janyo laima daga iska.

Unguwannin da ke kwari kusa da kogi ruwan ƙasarsu ba shi da nisa. Ga kwatar da ta toshe tana kwance a gindin gini, ga titin da aka yi ta cikowa har ya fi daɓen ɗaki tudu. Ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda suka mamaye Ogbaru mai maƙwabtaka da Anacha da sauran garuruwan bakin kogi, sun bar darasi ɗaya: ruwa kan janye cikin makonni, amma bangon da ya sha yakan ɗauki watanni kafin ya bushe. Wanda ya yi gaggawar fenti, sai ya sake.

Abin da aka fi yi a nan shi ne a rufe. Mai gida ya kira mai tayil ya jera har ƙugu, ko a shafa fentin mai mai sheƙi, ko a manna takardar ado ko allon roba. Wata biyu ɗaki ya yi kyau kamar na amarya. Ruwan kuwa bai daina hawowa ba, hanyar fita kawai aka toshe masa. Sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman tayil ɗin, ko ya kwanta a bayan takardar, inda fumfuna ke samun duhu da laima da abinci. Ranar da aka ɓare, abin da za a gani ba kyau.

Gyaran gaskiya daga waje yake farawa. A yashe kwata, a janye ƙasar da aka tara a gindin bango, a karkatar da ruwan indararo da na wanki nesa da gini. Sannan a kankare filastar da gishiri ya ci har a wuce layin da kamar taƙi ɗaya da rabi, a bar bangon tsirara ya sha iska, kafin a sake yaɓa masa filasta mara tauri sosai. Mai sabon gini kuma kada ya yarda birkila ya tsallake shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta tsakanin harsashi da layin bulo na farko, aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje. Kuɗinta kaɗan ne, rashinta kuwa ba ya gyaruwa da arha.

Akwai wani abu da ya shafi Anacha musamman, tunda gari ne na kayan abinci. Ɗan kasuwa kan mayar da ɗakin kwanansa rumbu, ya jingina buhunan gyaɗa da masara da busasshen barkono a bango. Hatsin da ya sha laima yana yin fumfuna, kuma wani nau'inta na haifar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. A ɗora buhu a kan katako, a bar tazara tsakaninsa da bango. Uwargida, in kin ga gyaɗa ko masara ta sauya launi tana wari, kada ki ce za ki wanke ki shanya. Zubar da ita ya fi arha.

Fatakwal: Ruwan da ke cikin iska

Daga Anacha ka yi kudu ta Owerri. Tun kafin ka shiga Jihar Ribas za ka ji riga ta manne maka a baya. An kafa Fatakwal a 1912 don tashar jiragen ruwa, kuma gari ne da fadamu da rassan kogi suka kewaye. Ruwan shekara ya haura milimita 2,000, ya ninka na Kano fiye da sau biyu, kuma da wuya wata ya wuce ba a ga ɗigo ba. Da damina laimar iska kan wuce kashi 80 cikin 100, alhali a Kano da hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 20. Tsakanin zafin rana da na dare ma babu tazara mai yawa. Mutanenmu na Diobu, wato Mile 1 zuwa Mile 3, da kasuwannin kayan gwari, da Oyigbo a hanyar Aba.

Nan za ka shiga ɗakin da kwano bai yoyo, bango bai tsage ba, yana ma hawa na biyu, amma ka ja sif ka tarar bayanta ya yi baƙi ƙirin. Ruwan daga ina? Daga cikin ɗakin. Baligi mai barci na fitar da kusan giram 40 na ruwa a kowace sa'a ta numfashi da gumi. Mutum shida a ɗaki ɗaya, cikin sa'a takwas, sun zuba wa iska kusan lita biyu. Risho kuma duk litar kananzir da ya ƙona yana sakin kimanin litar ruwa a iska, ban da tururin tukunya. Ƙara da wankin da aka shanya a ɗaki saboda ruwa ya hana a shanya a waje. Duk wannan laima in ba ta samu hanyar fita ba, sai ta nemi wuri mai ɗan sanyi da iska ba ta kaiwa: kusurwa, bayan gado, bayan labule, ƙarƙashin ledar daɓe. Mai na'urar sanyaya ɗaki ma bai tsira ba. Da an ɗauke wuta aka buɗe ƙofa, iskar waje mai ɗumi ta taɓa bangon da ya yi sanyi, sai raɓa ta kwanta, kamar yadda take kwanciya a jikin kwalbar lemo mai sanyi.

Mutanen Fatakwal na da uzurin rufe taga. Tun ƙarshen 2016 garin ya yi ta fama da baƙin toka mai sauka daga sama, wanda aka fi dangantawa da tace ɗanyen mai ta haramtacciyar hanya a cikin fadamu. Ga sauro, ga hayaƙin janaretan maƙwabci. Amma ɗakin da aka rufe ruf dare da rana tukunya ce aka sa wa murfi. Dabarar ita ce a sa raga a taga, a lura da lokutan da iska ta yi sauƙi a buɗe taga da ƙofa tare, a kunna fanka tana tura iskar waje, a goge tokar da jiƙaƙƙen tsumma. Janareta kuwa kada ya kwana a lungu ko kusa da taga, hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari ba.

Me ya haɗa wannan da tarin yaro?

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje. Abin da ta tattaro shi ne, mazauna irin waɗannan ɗakuna sun fi fama da tari da shaƙewar numfashi da cututtukan hanyar numfashi, masu asma kuma tasu ta fi tashi. Fumfuna na watsa ƙananan 'ya'ya kamar ƙura da ido ba ya gani, laima kuma na haɓaka ƙananan ƙwarin da ke zama cikin katifa. Jariri da tsoho da mai asma da mai raunin garkuwar jiki su ke fara jin jiki. In kin lura yaro na samun sauƙi duk lokacin da kuka je gida hutu, ya koma tari mako guda da dawowarku, ki gaya wa likita wannan, ki kuma duba bayan gadonsa.

Gyaran bango ba ya maye gurbin asibiti. Yaron da ke numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko zazzaɓi ya haɗu da tarin, a kai shi nan take. Tarin da ya wuce mako biyu a je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ake yi a cibiyoyin gwamnati.

Abin da ɗan haya zai iya

Akasarin mutanenmu a garuruwan nan haya suke, ba su da ikon fasa bango. Duk da haka akwai abin yi.

Fara da gano ƙofar da ruwan ke shigowa. Ka yanki leda mai kauri kamar faɗin faranti, ka manna ta a inda ke danshi, ka rufe gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta kwana biyu. In raɓa ta kwanta a fuskar da ke kallon ɗaki, laimar cikin ɗaki ce, iska ce maganinta. In ɓangaren da ke manne da bango ne ya jiƙe, ruwan daga cikin bangon yake fitowa, sai a duba ƙasa ko waje, kuma wannan aikin mai gida ne.

A janye gado da sif da akwatuna daga bango kamar faɗin tafin hannu. A ɗaga katifa daga daɓe, a fitar da ita duk ranar da rana ta fito. A riƙa ɗaga ledar daɓe ana dubawa. Girki a yi shi a waje ko a bakin taga, tukunya da murfi. Fumfunar da ta riga ta fito a wanke ta da ruwan sabulu, ko bilic da aka surka da ruwa, taga a buɗe, hannu da safa, hanci a rufe, yara da masu asma a waje. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanki, haɗin na iya fitar da iska mai guba. Kada kuma a kankare tsohon fentin mai a bushe, domin wani na ɗauke da dalma. A jiƙa shi tukuna, a kwashe ɓaraguzan kafin yara su shigo.

In an zo shafe, a zaɓi abin da zai bar bango ya fitar da laima. Fentin ruwa mara sheƙi ya fi fentin mai. Farar ƙasar da iyayenmu mata ke shafa wa ɗaki ta fi su duka barin bango ya sha iska. Akwai kuma wadda ake samu daga ƙona farin dutse, masu kayan gini na kiranta layim. Tana da kaifi irin na kanwa, har ma ya fi, shi ya sa fumfuna ba ta son zama a kanta, sai dai a kare ido da hannu wajen shafawa. Yaɓen yumɓu a cikin ɗaki, irin namu na gida, yana shanye tururin dare ya sake shi da rana in an buɗe taga, har wasu magina a Jamus da Faransa sun koma yinsa. Amma ba a yin sa a bangon da ke tsotson ruwa daga ƙasa, kuma ba ya hana buɗe taga. Domin zafi kuwa, silin mai kyau da 'yar kafar fitar iska a ƙarƙashin kwano, da farin fenti a bayan bangon yamma, sun fi ƙara fanka ta biyu.

Lokacin gyara shi ne Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ɗan lafa. Ka zauna da mai gida tun kafin nan. In kai za ka kashe kuɗin a cire a haya, a rubuta, a sa shaidu, ko da shugaban ƙungiyarku ta kasuwa ne ko wakilin Sarkin Hausawa.

Kai kuma Alhaji da ke shirin kai 'yarka Fatakwal ko Anacha, kafin a loda gado da kujeru a mota, tura wani ya ga ɗakin, in da hali da damina. Ya shaƙi iskarsa da zarar an buɗe ƙofa, ya duba gindin bango da kusurwoyi, ya ga ko taga na da abokiyar kallo da iska za ta ratsa. In ya tarar da sabon fenti daga daɓe zuwa ƙugu kawai, ko sabon tayil a bango ɗaya tak, ya tambayi maƙwabta dalili. Hajiya ma ta rage labule mai nauyi da kafet ɗin da ke shafe ɗaki duka, ta ƙara raga da katakon ɗora akwati. Kayan ɗaki ana sake saye, amma ƙirjin jikan da za a haifa a ɗakin nan guda ɗaya ne.